Tsarabar Umaima

Ni Maitama, shekarata saba'in da huɗu, talatin a ciki na yi su ina aikin reluwe a Zariya, amma wai ni ɗan cikina zai yaudara da jirgin ƙasa. Kuma wallahi ya ci nasara.

Tun rasuwar mahaifiyarsa nake zaune a gidan ɗan nawa Fatihu a Mitchellville, kusa da Washington, tare da matarsa Zahra da 'yarsu Umaima. Ban ce ba ni da laifi ba. Sau biyu na bar gas a kunne, sau ɗaya na hau jirgin Metro na kasa gane hanyar gida, sai 'yan sanda ne suka maido ni. To sai me? Tsufa ne, ba hauka ba.

Wata Asabar a Yunin 2012 Fatihu ya ce, "Baba, shirya mu kai ka Chesapeake Beach. Akwai tsohuwar tashar jirgin ƙasa a bakin ruwa, za ka ji daɗi."

Na zuba babbar riga, na fesa turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Umaima, wadda nake tsokana da amaryata, aka bar ta gidan maƙwabta. Ta riƙe mini hannu, ta ce da Turancinta in kawo mata wani abu. Na ce, "Ja'ira, sunansa tsaraba. Da hannuna zan ba ki."

Gaskiya garin ya burge ni. 'Yar tashar katako ce suka mayar gidan tarihi, ga hotuna jere a bango: mutanen Washington na shekara ɗari da suka wuce, da hulunansu da lemarsu, jirgi na sauke su su sha iskar teku. Ga tsohon tarago a gefe. Na tsare matar da ke zagayawa da baƙi, na yi mata bayanin yadda muke canza layi a Zariya, har ta ɗauko biro. A shagonsu na saya wa Umaima ɗan jirgin katako mai jan fenti. Muka taka bakin ruwa, iska na kaɗa mini riga, Turawa na ta fasa ƙaguwa da guduma suna ci. Allah ya raba mu! Na daɗe ban yi dariya irin ta ranar ba. Zahra kuwa ko ruwa ba ta sha ba.

Da Azahar ta yi, Fatihu ya ce mu biya wani gida in yi salla. Babban gida ne, tagoginsa na kallon ruwa, tsofaffi zaune a kekunan guragu. Wata ma'aikaciya ta taso da fara'a, ta kira sunana. A ina ta san ni?

Na ce zan yi alwala. Fatihu ya buɗe bayan mota. Ga butata. Ga sallayata, ga rediyona, ga akwatina. A kai kuma hoton mahaifiyarsa, wanda da safen nan na bari rataye a ɗakina.

Na ce, "Fatihu, mene ne wannan?"

Ya durƙusa. "Baba, ka yi haƙuri. Daga ni har Zahra aiki muke fita. Tsoro muke ji. A nan za a kula da kai."

"Shi ne ba za ka zaunar da ni ka gaya mini ba? Sai ka sa ni in fesa turare?"

Zahra ta fashe da kuka. Ni ban yi ba. Raina ne ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji ba, don ko akuya za a sayar ba a yi mata wannan rainin wayon.

Da za su tafi, Fatihu ya miƙo hannu. "Baba, kawo jirgin in kai wa Umaima."

Na ce, "A'a. Wanda ya yi tafiya shi ke kai tsarabarsa, in ya koma gida."

Ya juya, ya shiga mota.

Yau wata bakwai ke nan. Jirgin na nan kan taga, yana kallon ruwa tare da ni. Sau uku suna kawo Umaima, kuma kowane zuwa sai ta nuna shi ta ce nata ne. Nakan ce, "Naki ne, amaryata. Tambayi babanki yaushe zan dawo."