Karen Kiwo a Keji na Tara

Kwana goma sha ɗaya Tully yana zagaye a kejinsa, har tafin ƙafafunsa suka fashe. Karen kiwon tumaki ne, amma a gidan ajiye dabbobin da aka yasar, inda nake taimakawa, babu tunkiya ko ɗaya, sai haushi da warin maganin wanke ƙasa. Duk wanda ya leƙa sai ya ce mahaukaci ne.

"Juma'a likita zai yi masa allurar mutuwa, Bronte," in ji Noeleen, shugabar wurin. "Daina yi min wannan kallon, ni ma ba dutse ba ce."

Ranar Alhamis na tare wani tsohon manomi da ya zo neman kyanwa saboda ɓerayen rumbunsa. Na nuna masa Tully yana ta zagaye a kejinsa.

"Don Allah, Mista Pryor, ka yi masa fiton da ake yi wa karen kiwo. Sau ɗaya kawai."

"Ke 'yar nan, kyanwa na ce, ba fanka ba."

Duk da haka ya yi fiton. Tully ya tsaya cak, ya kwanta, kunnuwa a miƙe.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa.

"Bara fari ya sa na sayar da tumakina duka," ya ce a hankali, ya wuce.

Tully bai motsa ba, yana jiran umarni.