Yafiyar Zuliha

Kowa a layinmu na masu kayan miya ya san Zuliha ba ta iya haɗiye magana. Ni da nake kasa albasa kusa da ita na fi kowa sani.

Bara ta ɗauko tumatir daga lambunan Gidimuni, wani ɗan sanda mai suna Mahamud ya tare motar a hanya, ya ce a ba shi na goro. Ta ce ba ta bayarwa. Ya riƙe kayan a rana har suka zama ruwa. Mu dai mun ce ta bar wa Allah, ita kuwa ta yafa mayafi ta je ta kai ƙara.

Aka rubuta maganarta, aka ce za a yi bincike. Daga nan shiru. In ta je biro, wato ofishin 'yan sanda, a ce dosiye na takardun ƙarar yana Yamai, in ta koma a ce mai sa hannu ya fita. Asarar tumatir ba ta ci mata rai kamar bakin mutane ba. Delu mai kuɓewa ce ta fara cewa da gaskiya ne da an ji, ƙage kawai ta yi wa bawan Allah. Sunan ya bi ta, har yara na kiranta Zuliha mai ƙage. Wallahi abin ya ƙona mini rai.

Ana gab da tafiyar alhazai sai ga Mahamud a kasuwa, ba kaki, da farar riga da wani dattijo a gefensa. Ashe ya sami kujerar Makka, yana zagayen neman gafara. Ya durƙusa gaban tirenta.

"Baba, ki yafe mini."

Zuliha ta ci gaba da jera tumatir. "Me zan yafe, ɗana? Ni ba a gaya mini ka yi laifi ba."

Dattijon ya ce, "Haba baiwar Allah, ɗakin Allah zai je."

"Shi ya sa, Malam. Kada ya je da yafiyar maƙaryaciya. Ya faɗi abin da bincike ya gano, sai in san abin da nake yafewa."

Mahamud ya sunkuyar da kai, ya ce tun kafin azumi aka gama. An same shi da laifi, an cire masa galo na muƙami daga kafaɗa, an ɗauke shi daga kan hanya.

Tun kafin azumi! Tana ta zarya a rana, su kuwa suna zaune da amsar.

Zuliha ta ce, "Ɗaga murya. Delu ba ta ji sosai."

Ya maimaita da ƙarfi. Delu ta duƙufa kan kuɓewarta kamar mai neman allura.

Zuliha ta ce, "Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya karɓi ibada."

Ya tashi yana share ido. Na zaci magana ta ƙare, sai na ga tana gyara ɗaurin zane.

Na ce, "Yaya, ina kuma za ki? Ai kin ji."

"Na ji daga bakin mai tsoron Allah. Su da na kai wa ƙara ba su ce mini komai ba, kuma aikinsu ne." Ta turo mini tirenta. "Riƙe mini, Hasana. Yau ko mai sa hannu ya fita, zai dawo ya tarar da ni."