Yatsun Doña Eulalia

Ni fa na fi kowa rawar kai ranar da aka kafa mana sabuwar na'urar nan a bakin gadar iyakar Mexico, inda nake aikin shige da fice. Ka ɗora yatsu, ka kalli kyamara: koren haske ya kama ka shiga Texas, ja ya kama a wuce da kai ɗakin bincike. Har tsokanar abokin aikina Wendell nake yi, "To sarkin gyangyaɗi, ga wadda za ta gaje kujerarka."

Yau da safe Doña Eulalia ta iso layina da jakar cefanenta. Katinta na ziyara ne da sayayya, bai ba ta izinin aiki ba. Amma tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifiyata, ita ke tsallakowa daga Mexico kullum ta yi mata wanka, ta ba ta abinci a baki. Da can duba katin kawai nake yi in ce ta wuce, kamar ban taɓa ganinta ba.

Ta ɗora yatsu. Ja.

"Goga su a goshi, Baba, su ɗan yi maiƙo," na ce ƙasa-ƙasa.

Ta goga, ta sake. Ja dai. Yo ina zanen yatsa zai fito? Matar da tun tana yarinya take juya tortiya, gurasarsu ta masara, a kasko mai zafi da tsuran hannu, ga bilicin wanke zannuwan uwata. Yatsun sun yi sumul kamar bayan cokali.

Wendell ya leƙo yana dariya. "Efraín, ba kai ka ce na'urar ba ta kuskure ba? Miƙo tsohuwar ciki mana!"

Da hannuna na nuna mata ƙofar.

Shugabarmu Pruitt ta bar ƙofar a buɗe, ina jin komai. Kwamfuta ta baje mata duk shige da ficen tsohuwar.

"Kullum sayayya, Baba? Ki shiga da safe, ki fita da yamma? Gidan wa kike aiki? Faɗi sunansa in sassauta miki."

In ta ambaci sunana, aikina ya tafi. In ta yi shiru, katinta ne zai tafi, kuma ba a sake ba ta wani.

"Ba na aiki a gidan kowa, ranki ya daɗe," in ji ta. "Yawo ne ya yi mini yawa."

Taku biyu-uku ne tsakanina da ƙofar nan, amma ban motsa ba. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma na tsani kaina. Sai da wani mutum a gabana ya ce, "Yallaɓai, kore fa ya kama tun ɗazu."

Aka soke katin. Wendell ya rako ta za a mayar da ita ƙetare. Daidai tagata ta sunkuya kamar tana gyara takalmi, ba ta ko dube ni ba.

"Mahaifiyarka ba ta haɗiyar ƙwayar maganin rana sai an niƙa mata a ayaba," ta ce da harshenmu na Sifaniyanci. "Kuma kada ka yi mata wanka da kanka, ɗana, kunya za ta kashe ta. Ka kira maƙwabciyarku."

Ta miƙe ta kama hanyar gada.

Wendell, da ba ya jin Sifaniyanci, ya juyo. "Me take cewa?"

Na ce, "Hanyar fita take tambaya."