Kujerar Auta

Motar ba ta gama tsayawa ba Yaya ya gane wanda ke cikinta. Dogo ne, wallahi Dogo, wanda suka zauna ɗaki ɗaya a jami'a, wanda ba ya ƙetare jarrabawa sai Yaya ya zaunar da shi ya yi masa bita. Ga shi ya fito daga mota mai sheƙi, har ya ajiye tumbi, yana gyara agogo. Shi kuwa Yaya yana tsaye a ƙofar shago da ɗaurin jakunkuna a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa riga.

Shagon na ƙanwarsa ne, Auta, kuma wannan ita ce maganar da Yaya ya ƙi jinin ta fito daga bakinsa. Tun tana sakandare ta fara, da tsohon keken ɗinkin mahaifiyarsu, saboda jakar makarantarta kullum sai hannun ya tsinke. Ta ɗinka tata, ta ninka zare a maɗaurin. Ƙawaye suka ce a yi musu, iyayen ƙawaye suka ce a yi wa ƙanne. Yanzu yarinyar da ba ta daɗe da cika ashirin ba tana da shago cike da teloli, kekunan lantarki na ruri tun safe. Shi kuma Yaya ya gama digiri, ya zaga ofisoshi har takalmansa suka cinye, bai samu ko na share tebur ba. Da zaman gida ya fara mai da shi mafaɗaci, Auta ta zo ta durƙusa a gabansa ta ce direbanta ya gudu, ba ta da wanda za ta yarda da shi sai shi. Sai daga baya ya gane babu wani direba da ya gudu, motar ma don shi aka saye ta.

"Farfesa!" Dogo ya daka masa kira da sunansa na makaranta, ya rungume shi har da jakunkunan. "Ashe kai ne mai wurin nan! Ni nake sayo wa manyan kantuna kaya yanzu, an ce min in zo in ga wani matashi da ya hana kowa ciniki. Ai dama na sha faɗa, a cikinmu kai ne za ka yi nisa."

Yaya ya buɗe baki zai yi magana.

A daidai nan Auta ta fito, tef ɗin awo a wuya, guntun zare a gefen mayafi. Ta ji komai. Ta dubi baƙon, ta dubi yayanta, ba ta ko yi jim ba.

"Sannu da zuwa," in ji ta. "Yaya, ku shiga ofis mana. Kawo kayan, ni zan kai."

Ta sauke ɗaurin daga kafaɗarsa, nauyin ya kusa tankwara ta, ta yi ciki da shi. Yaya ya bi ta da ido, ya ja baƙonsa suka shiga.

Ofishin ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, samfurin yadi jibge a kusurwa, ga kujerar Auta. Bai taɓa zama a kanta ba. An ɗaga ta sama saboda mai ita gajeriya ce, don haka da ya zauna sai gwiwoyinsa suka maƙale a ƙarƙashin tebur. Haka ya daure, ya jingina, har da harɗe hannu.

Dogo ya fara jero tambayoyi. Yadin yana shan ruwa? Zif ɗin daga ina ake sayowa? In aka ce a cika kantuna kafin a koma makaranta, za a iya? Yaya ya san kowane lungu da ake kai kaya, amma wannan ba huruminsa ba ne, sai ya hau tari. Auta, da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa, ta riƙa miƙo masa amsa a fakaice.

"Ai Yaya, kamar yadda ka ce jiya, yadin nan ko an tsoma shi a bokiti littafi ba ya jiƙewa."

"Haka ne," in ji Yaya da murya mai kauri.

"Kuma ka ce ba za mu karɓi aikin da ya fi ƙarfinmu ba, sai dai a raba shi kashi-kashi."

"Ƙwarai kuwa, na faɗa."

Kuma don Allah kada a yi masa ƙarya, ya ji daɗi. Ya ji daɗi sosai. Shekaru ke nan rabon da wani ya dube shi yadda Dogo ke dubansa yanzu, yana gyaɗa kai, yana cewa kai Farfesa, ba ka da dama. Kunya tana cinsa ta gefe ɗaya, daɗin yana shigarsa ta ɗaya gefen, ya ce a ransa bari dai a gama, ai ba wanda zai mutu. A ɗakin ɗinki kekuna suka yi tsit ɗaya bayan ɗaya, telolin sun kasa kunne.

Sai wayar Dogo ta yi ƙarar mutuwar batir. Ya laluba aljihu, ya zaro makullin mota, ya wurga wajen ƙofa ba tare da ya waiwaya ba.

"Ke yarinya, je ki mota ki ɗauko min caja. Ki jawo mana ƙofar, magana za mu yi ta manya." Ya juyo ga Yaya yana rage murya, amma ba yadda ba za a ji ba. "Yarinyar nan taka tana da kai, sai dai ta cika sa baki. Ka riƙa taka mata burki."

Makullin ya faɗi ƙasa. Auta ta ce to, ta sunkuya za ta ɗauka.

Wannan sunkuyawar ce Yaya ya kasa gani. Ya ga yatsunta, duk tabon allura, suna laluben makullin wani a ƙasan ofishin da ta gina da su. Ya miƙe da ƙarfi, gwiwarsa ta daki tebur, samfurin jaka ya faɗo.

"Bar shi, Auta."

Ya zagayo ya ɗauki makullin da kansa. Ya ɗaga murya yadda har na ɗakin ɗinki za su ji.

"Dogo, ka yi haƙuri, na bar ka cikin duhu. Wurin nan ba nawa ba ne. Ko allura ɗaya ba ni da ita a nan. Wannan ƙanwata ce, ita ta kafa shi, ita ce matashin da aka turo ka ka gani. Ni direbanta ne."

Dogo ya fara dariya, ya ga ba mai taya shi, ya haɗiye sauran. Ya dubi Auta, ya gyara zama, ya cire hula ya mayar.

Yaya ya juya kujerar ya fuskantar da ita ga ƙanwarsa.

"Yaya, don Allah..." in ji ta a hankali.

"Zauna."

Ta zauna. Shi kuma ya fita ya ɗauko cajar, ya ajiye a kan tebur, ya jawo musu ƙofa. Ya koma lodin kaya a mota, yana jiyo muryarta ta taga, siririya amma ba ta lanƙwasa, tana ce wa Dogo a'a, wannan farashin ba zai yiwu ba, ba za ta rage zare don a rage kuɗi ba. An daɗe ana ja. Da Dogo ya fito, samfuri uku ne a hammatarsa, yana share goshi. Ya ce an daidaita, ya ce ƙanwar nan taka ba sauƙi. Ya miƙa wa Yaya hannu, sai dai idonsa bai tsaya a fuskarsa ba, kuma bai sake cewa Farfesa ba. Yaya ya lura, abin kuwa ya yi masa zafi.

Motar Dogo na ɓacewa Auta ta same shi a bayan shago. Ashe kuka take riƙewa tun ɗazu.

"Wa ya ce ka faɗa?" ta ce tana share ido da bayan hannu. "Da ka yi shiru, da ya tafi yana ganin girmanka. Me zai rage min? Ni ba na so kowa ya raina ka, Yaya, wallahi ba na so."

Ya ajiye ɗaurin da ke hannunsa. Ya dube ta, ƙirjinsa ya cika da tausayinta da kuma wani alfahari da bai taɓa barin kansa ya ji ba.

"Ya riga ya raina ni, kuma ga ni tsaye ban faɗi ba," in ji shi. "Amma in zauna a kujerarki ana aikenki ɗauko caja? Haba Auta. To ni yayan wa ke nan?"

Ta kifa kai a kafaɗarsa mai gumi ta ci gaba da kukanta, ya bar ta ta yi har ya ishe ta.