Ƙafar Issifu

Hajiya Barkisu ta riga ta gaya wa duk unguwar Aboabo cewa ɗanta Issifu ne zai zauna kusa da liman ranar addu'ar shekara ta mahaifinsa. Jana'iza ta wuce shi yana Sikotilan, wai aiki ya riƙe shi, ta haɗiye. Yanzu ga shi ya zo da matarsa Baturiya, yana zaune tsakar gida yana cin tuwo da cokali, sai ya buɗe baki ya ce zai koma kafin sabuwar shekara. Addu'ar kuwa sai makon da ke biye.

"Me ka bari a can da ya fi ubanka?" in ji ta.

"Mma, ba haka ba ne. Al'adarsu ce. A ɗan garin da muke, wanda ya fara taka ƙofar gida a sabuwar shekara shi ke kawo sa'a. Kuma dogon namiji mai baƙin gashi suke so. To, duk layinmu ni suke jira."

"Ka yi musu me?"

"In ƙwanƙwasa ƙofa, in shiga da gawayi a hannu, da gishiri, da biskit. Har da giya ake kaiwa, amma ita dai ba na taɓawa."

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. Ɗan Alhaji Amidu, wanda dillalan shanu ke miƙewa in ya shigo kara, shi ne ke bin gidajen tsofaffin obroni, Turawa, da gawayi kamar mai talla! Irin gawayin da maƙwabciyarta Hikima ke kasawa a bakin kwata. Haushi ya cika ta, har da kunya, don ya faɗa yana washe baki kamar an naɗa shi sarauta.

Matar ta yi wani Turanci tana dariya. Issifu ya fassara: surukarsa ta ce tun da ya fara shiga gidanta ko mura ba ta yi ba. Tun safe suke share gida, su kwashe toka, su jera 'ya'ya da jikoki, ana jiransa.

"Allah ya ƙara mata lafiya," in ji Hajiya. "Ashe ƙafa na haifa musu."

"Mma, zan turo kuɗi a sayi bijimin sadaka. Za ku ganni ta waya."

Hajiya ta juya wajen zaure. Ta ƙwala wa Bawah kira, ɗan ƙanin mijinta, wanda ya yi jinyar Alhaji har ya sa shi a kabari. Ya leƙo daga zaure.

"Je ka gaya wa liman kai za ka zauna a wurin babban ɗa."

Issifu ya ajiye cokali. "Mma, ina raye?"

"Ci abincinka, baƙo," ta ce. "Kada ya huce."