Wasiƙar da ta Saki Motocin Wake

Shekara tara Mubaraka ta yi tana sakatariya a wani buro, wato ofis, mai fitar da kaya a Birnin Konni. Faransancinta ba a magana. Amma duk sanda kujerar hulɗa da Najeriya ta buɗe, sai mai buron, Alhaji Junaidu, ya ce, "Ɗiyata, aikinki na da kyau, amma wurin ga na mai Ingilishi ne." Sau biyu ana kawo wani daga waje a ɗora mata.

Ba ta yi gardama ba. Ta nemi Mushe Abarshi, kamar yadda ake kiran malaman boko a can, tsohon malamin Ingilishi da ya yi ritaya a Dogarawa, duk Asabar ta shiga motar haya ta je. Dattijon ba ya sassauci. Takardarta ta farko sai da jan biro ya rufe ta.

"Ingilishin kasuwa kike ji," in ji shi. "Na takarda daban ne. Aikin da an ka gama da wanda za a yi, kowane da yadda aka rubuta shi. Sake."

Ta yi ta sakewa har shekara biyu.

Wata Alhamis aka tsare motocinsu uku na wake a ƙetaren iyaka. Dogo direba ya dawo da wasiƙar buron, ya ce jami'an can sun ƙi ta. Inusa, mai riƙe da kujerar, ya rantse babu kuskure. Mubaraka ta karɓa ta karanta.

"Alhaji, wasiƙar ga cewa ta yi za a duba kayan. Ba ta ce an duba ba."

"Ke mi kin ka sani a ciki?" in ji Inusa.

Alhaji ya dube ta. "Kina iya gyarawa?"

Ta zauna ta rubuta sabuwa, layi bakwai, ta haɗa da shaidar dubawa, ta hau kabu-kabu ta kai da kanta. Jami'in ya karanta har ƙasa, ya buga hatimi, ya tambaya wa ya rubuta.

"Ni ce," ta ce da Ingilishi.

Kafin la'asar motocin suka wuce, Dogo na ta danna mata oda. Kujerar kuwa sai da Alhaji ya ƙara jan ƙafa har bayan damina kafin ya ba ta.

Da ta koma gida ran nan, ta nuna wa mahaifiyarta, Suwaiba, kwafin wasiƙar. Tsohuwa ba ta taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba. Ta ce a karanta mata yadda take, kada a fassara. Mubaraka ta karanta. Suwaiba ta gyara zama, ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira ta katanga, ta ce, "Taho ki ji. Mubaraka, sake daga farko."