Wuyan Hannun Wahib

Ƙanena Wahib ya iso ana gobe addu'ar arba'in ta Babanmu Zaki, kuma tun daga bakin ƙofa na san da wata a ƙasa. Tsakiyar bazara ce, ko jaki neman inuwa yake yi, amma shi ya sauko daga motar garin Mallawi da riga mai dogon hannu, an ɓalla maɓallanta tsaf, ga baƙar jaka rataye a kafaɗa. Shekarunsa da yawa a birnin Iskandariyya. Jana'izar ma bai zo ba, wai aiki ya riƙe shi.

Inna ba ta ga riga ba, ba ta ga jaka ba. Yanar ido ta rufe mata gani, haske da duhu kawai take bambancewa. Muryarsa ta ji, ta tashi tana laluben bango, ta rungume shi tana kuka. Duk ƙauyen nan Ummu Wahib ake kiranta. Ni Damyana ce ta fara haifa, ni ce kuma nake kwashe mata fitsari, amma sunansa take amsawa. Na daɗe da haɗiye wannan. Abin da nake so shi ne gobe ta wuce mata lafiya, don tun rasuwar Baba ba ta da zance sai cewa ɗanta zai tsaya a cocinmu ya karɓi jibin Ubangiji a addu'ar ubansa, kowa ya gani.

Ya same ni a madafa ina gyaran wake.

"Yaya, akwai abin da nake so in faɗa wa mutane gobe."

"Ka ce musu sannu da zuwa, Allah ya ba da lada. Ya ishe su."

"Na sami ceto, Yaya. Na haɗu da Yesu."

"A ina ka ajiye shi da can? Shi da yake cocinmu tun kafin a haifi kakan kakanka?"

Ya yi wannan murmushin na masu tausaya maka, wanda ya fi zagi ciwo. Wai ya shiga wata ƙaramar taruwa da ke haɗuwa a bene, ba turare, ba hotunan tsarkaka, ba firist. Wai duk abin da muke yi al'adar mutane ce, kuma addu'a ba ta isa wurin matacce. Na ajiye tiren waken na dube shi.

"Wahib, na rantse da Budurwa Maryamu, ka buɗe bakin nan gobe, ni da kai ne. Matar nan ba ta da abin da ya rage mata sai gobe."

"Don ina ƙaunarta ne, Yaya."

"To ƙaunace ta da baki a rufe."

Da safe duk gidan muna azumin karɓar jibi, ko ruwa ba wanda ya kurɓa. Na leƙa bayan gida na tarar da shi yana shan shayi hankali kwance. Raina ya ɓaci, amma na yi shiru don kada Inna ta ji.

A ƙofar cocinmu akwai ƙa'ida tun da aka fara kai wa coci-coci hare-hare: mai baƙuwar fuska sai ya miƙa wuyan hannunsa na dama, a ga ɗan gicciyen da aka zana mana da allura da shuni tun muna jarirai. Tsoho Sidhum ne a ƙofar ranar. Ya ga Wahib riƙe da Inna, ya washe baki.

"Ɗan Zaki! Wuce, wuce. Ni zan duba hannun da na gani yana satar dabinona?"

Wahib ya yi dariya ya wuce.

Mata a dama, maza a hagu. Daga inda nake ina hangen ƙeyarsa. Mutane suka sunkuya, shi yana tsaye ƙyam. Abuna Filibus, firist ɗinmu, ya zagayo da turare, kowa ya miƙa hannu yana shafa hayaƙin a fuska, Wahib ya kau da kai. Da aka ambaci sunan Baba cikin matattu, Inna ta matse min hannu har na ji zafi. Lokacin jibi maza suka tuɓe takalma suka yi layi, shi ya zauna ya buɗe littafinsa.

"Ya tashi?" Inna ta raɗa min. "Ya karɓa?"

"Mutane sun yi yawa, Inna, ba na hangen can."

Ta gyaɗa kai, ta ce ita ta san ya karɓa.

Bayan an tashi aka koma zauren coci. Aka fito da gahawa mara sukari kamar yadda ake yi wa makoki, aka rarraba gurasar albarka. Mu 'yan gida muka jeru ana yi mana gaisuwa. Har na fara sakin jiki, sai na ji ƙarar kujera. Wahib ne ya miƙe, ya tsaya a ƙarƙashin hoton Baba da muka ɗaura wa baƙin ƙyalle.

"'Yan'uwa, ku ba ni kunnuwanku kaɗan. Ina da shaida."

Aka yi tsit, an ɗauka yabon uba zai yi. Inna ta ɗaga fuska wajen muryarsa tana murmushi.

Farkon maganar, gaskiya, ba laifi. Ya ce ya yi shekaru yana shan giya a birni, har ya taɓa tsayawa a bakin teku yana tunanin faɗawa, sai wani ya zauna kusa da shi ya karanta masa Linjila. Ni kaina ban taɓa sanin haka ba. Da ya tsaya a nan da ya fita da mutuncinsa.

Bai tsaya ba. Ya nuna hoton waliyyi Mar Mina da ke bango ya ce katako ne da fenti. Ya ce turaren da aka ƙona yau hayaƙi ne kawai. Sannan ya juya ga hoton Baba.

"Mahaifina ya riga ya tafi inda zai je. Addu'ar da kuka yi yau ba ta ƙara masa komai ba. Ku da kuke da rai, ku ne nake jiye wa."

Wani kofi ya faɗi ya fashe.

"Kai, ɗan Zaki!" Rizik mahauci ne, ɗan kawunmu, mutumin da ko gaisuwarsa kamar faɗa take. "Ubanka ne ka ce yana ina?"

"Ban ce ba, yaya Rizik. Allah ne ya sani."

"To kai uban me ya kawo ka? Gahawarmu ka zo sha ka zage mu?"

"Nawa suka biya ka?" wata mata ta jefo daga baya.

"Ku dube shi, ya ci kifin Iskandariyya ya dawo zai koya wa Abuna Linjila!"

Abuna Filibus ya ɗaga hannu yana cewa, "Ɗana, ba nan ba ne wurin, zo mu zauna a ofis," amma ba mai jinsa. Wahib kuwa, maimakon ya bi shi, sai ya zuge jaka ya fara miƙa wa mutane 'yan takardun wa'azi. Rizik ya doke hannun, takardun suka watse a kan gurasa. Maza suka taso, kujeru suna faɗuwa. Wani ya ce a fitar da shi, wani ya ce a fara karya masa baki tukuna. Rizik ya cakumi wuyan rigarsa.

"Wannan ba namu ba ne! Wa ma ya bar shi ya shigo?"

Zan faɗi gaskiya, a lokacin mari biyu ko uku ba za su dame ni ba. Ni ma hannuna ƙaiƙayi yake yi.

Ban ga sa'ad da Inna ta tashi ba. Sai ganinta na yi tana ratsa maza, hannu a gaba tana lalube, baƙin mayafinta yana jan ƙasa. Suka dare mata. Ta taɓa ƙirjin Rizik, ta ture shi, ta laluba ta kamo hannun Wahib na dama.

"Wane ne ba naku ba? Rizik, kai da na yaye ka da hannuna? Yaron nan ya yi ɓatan kai ne, baƙin ciki ne ya taɓa shi. Amma namu ne! Ni na ɗauke shi a kafaɗa na hau dutsen Durunka da shi ranar bikin Budurwa, ni na danne shi yana tsala ihu aka zana masa gicciye. Ku duba!"

"Inna, bari," in ji Wahib, yana jan hannunsa. "Inna, don Allah."

Ta fizge maɓallin, ta ture hannun rigar sama, ta ɗaga wuyan hannunsa yadda kowa zai gani.

Babu gicciye. Inda yake a da, wani farin tabo ne mai sheƙi, fatar ta tattare kamar ta ƙuna.

Zauren ya yi tsit. Rizik ya ja da baya. Tsoho Sidhum ya dafe kansa a bakin ƙofa. Inna kuwa ta ɗauka kunya ce ta kama su, ta ƙara ɗaga hannun tana jujjuya shi dama da hagu.

"Kun gani? Me ya sa kuka yi shiru? Ku faɗa mana!"

Ina kallo babban yatsanta ya sauka a wurin, kamar yadda take shafa shi tun yana yaro. Ya tsaya. Ya sake bi a hankali, ya zagaya gefen tabon.

"Wa ya ƙona min kai?" ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni na sa aka cire, Inna. Ba a fata yake ba, a zuciya yake. In kin bari in yi miki bayani..."

Ta jawo hannun rigar ta rufe wurin, ta nemi maɓallin ta ji ya tsinke, ta daidaita bakin rigar da yatsunta. Sannan ta sake shi, ta miƙo hannu cikin iska.

"Damyana, kai ni gida."

Muka fito, ba wanda ya tare mu. Ina jin takun Wahib a bayanmu, daga nesa. Mun kusa ƙofar waje sai matar Sidhum ta biyo mu da gudu, riƙe da gurasar albarkar da Inna ta bari a kan kujera.

"Ummu Wahib! Ummu Wahib, kin manta gurasarki!"

Inna ba ta juya ba. Ta ƙara riƙe damtsena, ta ce, "Da wa matar nan take?"